Picanto ko Morning: A Duba Inji Kafin A Duba Suna

Wani ɗalibi maƙwabcina a nan Faisal ya tambaye ni ko Kia Morning da yayansa ke son saya a Ankara ta ƙasar Gana ita ce Picanto da nake hawa. Na ce masa ita ce, amma kada yayan nasa ya biya kuɗi sai ya buɗe bonet.

Kamfanin Kia na Koriya ta Kudu ya fara sayar da motar a 2004. A gida sunanta Morning, a Turai da Masar da Nijeriya Picanto, a Maleshiya kuma an taɓa harhaɗa ta da sunan Naza Suria. Jiki ɗaya ne, sai dai kowace kasuwa da injin da ake kai mata.

Samfurin farko yana da silinda huɗu, lita 1.0 ko 1.1, akwai kuma mai shan dizal mai silinda uku a Turai. Daga 2011 aka koma injin Kappa iri biyu: cc 998 mai silinda uku da cc 1,248 mai silinda huɗu. A Koriya, ƙaramar motar da injinta bai kai cc 1,000 ba tana samun rangwamen haraji da na kuɗin hanya, shi ya sa Morning ta hannu da ta fito daga can take zuwa da ƙaramin inji. Wasu ma gas ɗin LPG suke sha, wanda ba shi ne iskar gas ɗin da tasi-tasin Alƙahira ke sha ba.

To, batun shan mai. Mutane sun ɗauka ƙaramin inji kullum ya fi tsimi. A buɗaɗɗiyar hanya, da giyar hannu, haka ne. Amma wanda ya san titin Faisal bayan la'asar, ga ƙananan bas suna tsayawa inda suka ga dama, ga tuk-tuk na kutsowa daga lungu, ya san mota kan yi rabin sa'a ba ta wuce giya ta biyu ba. Tawa mai cc 1,248 ce, otomatik. Idan na nufi Iskandariyya takan sha kamar lita shida a kilomita 100, amma a cunkoson unguwa, da na'urar sanyaya iska a kunne, ta kan kusan tara. Mai silinda uku kuwa, in ka loda mata mutum huɗu a zafin Agusta, dole ka riƙa danna totur, nan tsimin yake zubewa. Tun da Masar ta fara janye tallafin mai a 2014 nake rubuta kowace lita a ɗan littafi, matata na yi mini dariya.

Wurin kayan gyara ma ana tafka asara. Wani mai shago ya taɓa sayar mini da bel na tsohon samfuri don kawai na ce masa "Picanto", bai kuma karɓa ba da na mayar. Yanzu lambar shasi nake miƙawa, haruffa da lambobi 17, ita na ce wa ɗalibin yayansa ya turo mini kafin su yi ciniki.