Gandun dajin W: ruwan kallo ne, ba na wanka ba

Jama'ar Kurfai, da ƴan uwanmu na Abijan da Kwatano, in aka bi Dallol Bosso daga nan Filinge aka yi ta yin kudu, za a iske kogin Isa a wajen Bumba. Tsallaken ruwan, gandun dajin W ne, wanda muka haɗa da Benin da Burkina. A 1996 UNESCO ta sa ɓangaren Nijar cikin wuraren gadon duniya.

A can kwazazzabon Tapoa yake, inda ruwa ke kwararowa tsakanin duwatsu da damina, ya bar gurabe da rani. A kogin Mekru kuma akwai magangarar Koudou. Kyau kam, ba a magana! Sai dai gurbin da ba ya ƙafewa, shi ne gidan kada, kuma nan giwa da ɓauna ke shan ruwa. Shi ya sa ba a yawo sai da ɗan jagora, balle a tuɓe riga a faɗa.

Yanzu ma zancen ya wuce na kada. Ƴan bindiga sun samu mafaka a dajin, hanyar ba lafiya. Wanda ya zo ganin gida da niyyar kai yara can, mu dai muna roƙonsa ya dakata tukuna.