Mustang da Challenger Sun Dawo, Amma Ina Kasuwarsu Ta Dosa?

Kullum a ɗakin kwananmu sai an yi musu a kan Mustang da Challenger, to bari in ɗan warware zancen. Motoci ne masu ƙaton inji mai silinda takwas, wato V8. Sun fara tashe a Amurka a 1964, shekarar da Pontiac GTO da Ford Mustang suka fito. Tsadar man fetur ta 1973 da dokokin rage hayaƙi ne suka karya kasuwarsu.

Bayan shekaru sai ga su sun farfaɗo: Challenger a 2008, Camaro a 2009. Masu saye da yawa dattawa ne da suka yi sha'awarsu tun suna samari, yanzu kuma kuɗi ya samu. Challenger Hellcat ta 2015 ƙarfin doki 707 gare ta!

Amma fa abin bai ɗore ba. An daina ƙera Challenger a ƙarshen 2023, Camaro ma haka. Dodge ta fito da Charger mai batir, har da lasifikar da ke kwaikwayon rurin inji. A 2024 kuwa, Mustang Mach-E mai lantarki ta fi mai shan fetur ciniki a Amurka.

Shawarata gare mu ɗaliban kanikanci: mu riƙe ilimin batir da wayarin kamar yadda muka riƙe na fistan.