Zama da abokin aiki mai wuyar hali a gonakin rani

Ƴan'uwa manoma, wanda ya samu fili a gonakin ban ruwa na Konni, ko Galmi, ko Jiratawa kusa da Maraɗi, ya san ba shi ke zaɓen maƙwabcinsa ba. Hukumar ONAHA, wadda aka kafa a 1978, ita ke taimaka wa koperatif wajen kula da waɗannan gonaki. Manoma da yawa suna shan ruwa a magudana ɗaya, kowa da ranarsa. Tare suke yasarta, kuma kowa yana biyan kuɗin ruwa bayan girbi.

A cikin kowane rukuni ba a rasa mai wuyar hali. Ranar yasa ba ya zuwa. Ranar ruwanka sai ka tarar ya buɗe wajensa ya toshe naka. In ka yi magana, ya taso da faɗa. Abin ba ƙarami ba ne, domin saiwar albasa ba ta nisa cikin ƙasa. In ta rasa ruwa lokacin da take yin kai, ba za ta yi girma ba, kuma kuɗin ruwa yana nan yana jiranka.

To, yaya za a yi? Da farko kada ka rama. In ka toshe nasa cikin dare, gobe shi ma zai fasa naka, ruwan ya malale a banza, ku duka ku yi asara. Ka same shi shi kaɗai, bayan sallar la'asar, ku gaisa. Ka faɗi abin da ya faru da ranar da ya faru, kada ka kira shi ɓarawo ko malalaci. Ka tambaye shi dalili. Wani lokaci filinsa ne ke kan tudu, ruwa ba ya hawa da wuri. Wani kuma ciwo ne a gidansa ya hana shi fita.

Na biyu, ku da kuka yi karatun yaƙi da jahilci, ga ranar amfaninsa. A taron rukuni, a rubuta cikin littafi sunan kowa, da ranar ruwansa, da lokacin buɗewa da na rufewa. A rubuta ranar yasa da tarar wanda bai zo ba. A karanta da ƙarfi kowa ya ji, kowa ya sa hannu ko ya dangwala yatsa. Daga nan gardama ta bar tsakaninka da shi, ta koma tsakaninsa da abin da ya yarda da shi gaban jama'a.

In duk da haka bai bari ba, ka kai maganar ga shugaban rukuni da malamin gona, tare da littafin da shaidu biyu. Harshe da haƙori ma suna saɓawa. Ko kun yi shiri ko ba ku yi ba, ka ci gaba da gaishe shi, domin baɗi ma magudana ɗaya za ku yasa.