Kumfa Da Amsa-Kuwwa: Daga Dam Ɗin Challawa Zuwa Teku

Duk ɗan Karaye ko Rogo da ya taɓa zuwa bakin dam ɗin Challawa da sassafe ya san yadda ruwan yake kwanciya kamar madubi. Idan iskar hunturu ta kaɗa kuwa, sai taguwoyi su tashi, kawunansu su fashe, farar kumfa ta bayyana. Wannan kumfar da muke rainawa tana ba ma'aikatan jiragen ruwa wahala ƙwarai a teku.

Haske ba ya nisa a cikin ruwa, shi ya sa da sauti ake bincike. Akwai na'ura mai suna sona, wadda ke aika ƙara ta jira amsa-kuwwa. Daga jinkirin dawowar amsar ake gane zurfin teku, ko inda garken kifi yake, ko jirgin da ya nutse. Sauti na gudun kusan mita 1,500 a daƙiƙa cikin ruwa, a sarari kuwa mita 340 kacal.

In teku a kwance take, sautin da ya bugi saman ruwa daga ƙarƙashi yakan karkata ya yi gaba abinsa. Da zarar iska ta yamutsa saman, sai ya tarwatse, wani ma ya koma wa na'urar. A 1962 wasu masana biyu, Chapman da Harris, suka auna suka nuna cewa tarwatsewar tana ƙaruwa da ƙarfin iska. Daga baya aka fahimci cewa laifin ba na taguwa kaɗai ba ne. Taguwar da ta fashe tana cusa ƙananan ƙwayoyin kumfa har mitoci da dama ƙasa. Kowace ƙwaya iska ce a kulle, sauti na sa ta kumbura ta motse kamar fatar kalangu, ta sake watsa shi ta kowace fuska. Sai amsar kifi ta ɓace cikin hayaniyar, kamar mai kiran ƙaninsa a tsakiyar kasuwa.

'Yan'uwa ɗalibai, ba sai kun je Legas ba kafin ku ji aikin kumfa da kunnenku. Ku zuba garin Milo a ruwan zafi cikin kofin tangaran, ku motsa, sannan ku riƙa ƙwanƙwasa gindin kofin da cokali. Ƙarar za ta fara da kauri, ta riƙa sirancewa a hankali. Kumfar ce ta rage wa sauti gudu, tana fita gudun na dawowa. Masanin kimiyya Frank Crawford na Amurka ya bayyana haka a 1982. A dai nemi izinin Umma tukuna, Milo ya yi tsada.