Yadda Ƙungiyar Shaɗaranji ta Wata Makarantar Harlem ta Kafu

Wasan da Larabawa ke kira shaɗaranji, wanda 'yan jaridar Hausa sukan kira darar Turawa, ya bambanta da darar da ake haƙa wa gurabe a ƙasa. Mutum biyu ne suke yin sa a kan allo mai gidaje 64, kowa da 'ya'ya 16: sarki ɗaya, sarauniya ɗaya, hasumiya biyu, doki biyu, giwa biyu, da dakaru takwas. Kowane irin ɗa da tasa tafiyar, kuma wasa yana ƙarewa ne idan an tsare sarkin abokin karawa ya rasa wurin gudu. Asalinsa daga Indiya ne, a wajen ƙarni na 6, ya bi ta Farisa ya shiga ƙasashen Musulmi, sa'an nan ya isa Turai. Malaman ƙasar Hausa sun daɗe da sanin sunan, domin littafin Risala ya ambace shi cikin wasannin da ya hana. A Barno kuwa har buga shi ake yi: a 1934 wani jami'in mulkin mallaka, C. K. Meek, ya rubuta bayanin irin nasu, wanda suke kira tsatsarandi, inda ake ce wa sarki mai, ɗan da ke gefensa kuma ciroma.

A da wasan na fada ne da gidajen masu hali da wuraren shan gahawa. Kai shi makaranta, a tara yara su zama ƙungiya su yi gasa da sunan makarantarsu, abu ne na baya-bayan nan. Ɗaya daga cikin ƙungiyoyin da tarihin kafuwarsu ya fi fitowa fili ita ce ta ƙaramar sakandare mai lamba 43 a unguwar Harlem ta birnin Niyok, a Amurka. Makarantar gwamnati ce, mai ɗauke da sunan Adam Clayton Powell ƙarami, baƙar fatan da ya daɗe yana wakiltar Harlem a majalisar dokokin ƙasar. 'Yan ƙungiyar suna kiran kansu Raging Rooks, wato hasumiyoyi masu fushi, daga sunan ɗan nan na allo mai siffar soro da ke tafiya miƙe.

Kafin Harlem

Gasar makarantu ta ƙasa baki ɗaya ba ta daɗe da farawa ba a Amurka. An fara ta manyan sakandare a 1969, ta ƙananan sakandare kuma a 1973. A tsakanin waɗannan shekaru ne Bobby Fischer ya doke Boris Spassky na Tarayyar Sobiyat a birnin Reykjavik, a 1972, ya zama gwarzon duniya. Wannan nasara ta sa Amurkawa da dama suka sayi allo, malaman makaranta da yawa kuma suka fara tara yara bayan an tashi.

Makarantun da suka fi cin moriyar wannan yayi su ne na 'ya'yan masu kuɗi, waɗanda ke iya ɗaukar ƙwararren mai horarwa su biya shi. Amma tun da wuri aka sami wadda ta ɓata wannan lissafi. Ƙaramar sakandaren Vaux, a wata unguwar talakawa baƙar fata ta arewacin Filadelfiya, ta ci kofin ƙasa sau bakwai a jere, daga 1977 zuwa 1983. Bayan nan ƙungiyar ta yi sanyi, sai a shekarun 1990 wani malami mai suna Salome Thomas-EL ya sake tayar da ita. Wannan hawa da sauka ba na Vaux ba ne kaɗai, kamar yadda za a gani.

Mutum uku a kan ƙungiya ɗaya

A Niyok akwai wata gidauniya, American Chess Foundation, da aka kafa a 1955 don tallafa wa manyan 'yan wasa. A 1986 ta juya akalarta zuwa makarantun gwamnati da ke unguwannin talakawa, a ƙarƙashin jagorancin Faneuil Adams, tsohon babban ma'aikacin kamfanin mai na Mobil, tare da malamin wasan nan Bruce Pandolfini. Tsarin mai sauƙi ne. Gidauniya ta kawo alluna da 'ya'ya, ta biya mai horarwa. Makaranta ta ba da ɗaki da lokaci, da malami guda da zai riƙe yaran. Daga baya gidauniyar ta ɗauki sunan shirin nata, Chess-in-the-Schools.

A nan ya kamata a tsaya kaɗan, domin wannan rabon aiki shi ne ƙashin bayan kowace ƙungiya irin wannan. Mai horarwa yakan zo sau ɗaya ko biyu a mako ya tafi. Malamin makaranta shi ne yake buɗe ɗaki kullum, ya san wanda bai zo ba da dalilin rashin zuwansa, ya nemi izinin iyaye idan za a yi tafiya. Na uku shi ne mai ba da kuɗi, wanda yara ba su cika ganinsa ba. Allo da 'ya'yan roba ba su da tsada, kuma allo ɗaya yakan yi shekaru. Tafiya ce mai cin kuɗi: mota ko jirgi, masauki, abinci, kuɗin shiga gasa. Yaron da bai fita ya kara da baƙi ba, ƙarfinsa yakan tsaya daidai da na abokan ajinsa. Saboda haka idan ɗaya daga cikin ukun nan ya janye, ƙungiya takan durƙushe ko da yaran suna nan da sha'awarsu.

Mai horarwar da gidauniyar ta tura makaranta mai lamba 43, a wajen 1989, shi ne Maurice Ashley. An haife shi a Jamaika a 1966, ya koma unguwar Brooklyn ta Niyok yana ɗan shekara 12. Bai kama wasan da gaske ba sai da ya shiga babbar sakandare, kuma bai sami shiga ƙungiyar makarantarsa ba. A wuraren shaƙatawa na Brooklyn ya goge, cikin wasu manya baƙar fata da ke buga wasa mai sauri da zafin gasa. Ya kai matsayin gwani na ƙasa a 1986. Lokacin da ya fara koyarwa a Harlem shi kansa ɗalibin jami'a ne, shekarunsa ba su wuce 23 ba. Ya fito daga unguwa irin tasu, yana magana irin tasu, yana kwatanta dabarun allo da ƙwallon kwando da sauran abubuwan da suka sani. Wannan ya rage nisan da ke tsakanin yaran da wasan da suke ɗauka na wasu ne.

Harlem ta wancan lokaci ba wurin wasa ba ce. Shekarun da hodar iblis mai araha ta mamaye unguwannin talakawa ke nan. A 1990 an kashe mutum 2,245 a birnin Niyok, adadi mafi yawa a tarihinsa. A wannan shekarar ce kuma wasu likitoci biyu na asibitin Harlem, McCord da Freeman, suka buga binciken da ya nuna cewa namiji baƙar fata a Harlem bai kai namijin Bangaladash damar kaiwa shekara 65 ba. Ɗakin da yaro zai zauna daga tashi makaranta zuwa yamma, a cikin irin wannan hali, yana da daraja tun kafin a yi zancen kofi.

Yadda ake horo da yadda ake gasa

Wasan gasa yana da dokoki uku da suka raba shi da wasan gindin bishiya. Ɗan da ka taɓa, shi za ka motsa. Akwai agogo mai fuska biyu, kowa da nasa lokacin, wanda nasa ya ƙare an cinye shi. Sa'an nan kowa yana rubuta motsinsa da na abokin karawarsa a takarda. Wannan ta ukun ita ce ta fi amfani ga mai horarwa. Bayan wasa yakan zauna da yaro su sake jera 'ya'ya, su bi takardar daga farko, har su iso inda aka yi kuskure. Sai ya tambaye shi: me ka gani a nan, me ya sa ka zaɓi wannan, minti nawa ka yi kana tunani? Yaro ba ya da alƙalin wasa ko abokin ƙungiya da zai ɗora wa laifi, domin da hannunsa ya rubuta. Yawancin koyon a nan yake faruwa, fiye da wurin haddace hanyoyin buɗe wasa.

Gasar ƙasa kuwa ba irin ta ƙwallon ƙafa ba ce da ake fitar da wanda aka ci. Ana bin tsarin da ake kira na Suwis. Kowa yana buga dukkan zagaye, galibi bakwai cikin kwana uku, kuma a kowane zagaye ana haɗa masu maki ɗaya. Wanda ya ci yana samun maki ɗaya, canjaras rabin maki. Makin makaranta shi ne jimillar na 'yan wasanta huɗu da suka fi samu. Ma'anar wannan ita ce gwani ɗaya ba ya kawo kofi. Makarantar da ke da yaro ɗaya fitacce da uku raunana za ta sha kashi a hannun wadda ke da huɗu matsakaita masu juriya. Rabin makin da yaro na huɗu ya ƙwato a wasan da ya kusa ɓaci yakan raba gardama. Ga makarantar da ba ta da yaran da aka fara koya wa tun suna shekara biyar, wannan tsari ƙofa ce.

Dearborn, 1991

A watan Afrilu na 1991 aka yi gasar ƙasa ta ƙananan sakandare a garin Dearborn na jihar Michigan. Cikin makarantun da suka halarta akwai Dalton, makarantar kuɗi ta Niyok wadda ta saba cin kofuna, da Masterman ta Filadelfiya, makarantar gwamnati da ke zaɓar yara masu hazaƙa. Da aka gama lissafi, Raging Rooks suka yi kunnen doki da Masterman a matsayi na ɗaya, suka wuce Dalton. Kimanin shekara biyu ke nan da fara horon nasu.

Jaridar New York Times ta sa labarin a shafinta na farko. Yadda aka karɓi labarin shi kansa abin lura ne. Abin da ya ba mutane mamaki shi ne a ce yaran Harlem ne suka yi, alhali yaran Vaux sun riga sun yi haka sau bakwai, shekaru kaɗan kafin nan. Mantuwar ta nuna irin zaton da aka yi wa yaran tun farko.

Ƙaramar sakandare shekaru kaɗan ce, don haka kowace ƙungiya tana rasa gwanayenta da zarar sun nuna. Shi ma Ashley bai daɗe ba ya koma wata makarantar ta Harlem, Mott Hall, a ƙarƙashin wata gidauniyar ilimi da attajiri Daniel Rose ya kafa. Ƙungiyar can, Dark Knights, ta ci kofunan ƙasa a 1994 da 1995. Nasara ta bi mai horarwa da kuɗi zuwa inda suka koma. A 1997 ya ajiye horarwa don ya nemi nasa matsayin, a 1999 kuma ya zama baƙar fata na farko da ya sami lambar babban gwani ta duniya.

Abin da wasan yake bayarwa

Masu neman tallafi ga irin waɗannan ƙungiyoyi sukan ce wasan yana ƙara wa yara ƙoƙari a lissafi da karatu. Hujjar wannan ba ta da ƙarfi kamar yadda ake faɗa. A Ingila an yi babban gwaji a makarantun firamare 100, da yara kusan 4,000. An koya wa rabinsu wasan na awa 30, aka bar rabi. Sakamakon da aka buga a 2016 bai nuna wani bambanci ba a jarrabawar lissafi shekara guda bayan haka. Sai dai awa 30 a cikin aji daban take da abin da ya faru a Harlem, inda yara ƙalilan suka zaɓi zuwa da kansu, suka yi shekaru tare da babba guda da ya san su, suka fita garinsu, suka zauna gaba da gaba da 'ya'yan masu kuɗi suka ci su. Wannan ba ya fitowa a takardar jarrabawa, kuma ba a samun sa ta hanyar saka wasan a jadawalin darussa kawai.

Inda ukun nan suka daɗe tare, sakamakon ya fi haka. A makarantar I.S. 318 ta Brooklyn, inda yawancin ɗalibai 'ya'yan talakawa ne, malama Elizabeth Spiegel da mataimakin shugaban makaranta John Galvin sun riƙe ƙungiyar fiye da shekara goma. A 2012 yaran, waɗanda 'yan ƙaramar sakandare ne, suka ci gasar ƙasa ta manyan sakandare, abin da ba a taɓa yi ba. Fim ɗin da aka yi a kansu a wannan shekarar, Brooklyn Castle, kaso mai yawa nasa a kan yanke kasafin kuɗin makaranta ne da yadda yara da iyaye suka yi ta neman kuɗin tafiya.

A Nijeriya, Tunde Onakoya ya fara shirin Chess in Slums Africa a 2018 a Majidun, cikin Ikorodu ta jihar Legas. Can lamarin ya juye: da yawa daga cikin yaran ba su zuwa makaranta, don haka ƙungiyar ce take nema musu gurbin karatu da kuɗin makaranta. A watan Afrilu na 2024 Onakoya ya zauna a dandalin Times Square na Niyok, 'yan kilomitoci daga Harlem, ya yi awa 60 yana wasa don tara kuɗin karatun yara.