Watan da Yake Ɓacewa a Gabashin Zuhal

A shekarar 1671 Giovanni Cassini, masanin taurari a birnin Faris, ya hango wani wata yana zagaya Zuhal, duniyar nan mai zobba. Watan, Iapetus, in yana yamma da Zuhal a gan shi sarai, in ya koma gabas sai ya yi ɓatan dabo. Sai a 1705 aka kamo shi a gabas, dishi-dishi. Cassini ya yanke cewa rabinsa fari ne, rabi baƙi, kuma ya canka daidai. To, wa ya shafa baƙin?

Hotunan kumbon Voyager 2 na 1981 sun nuna fuskar da ke gaba a tafiyar watan baƙa ƙirin, ta baya kuwa ta fi ta haske kusan sau goma. Tun 1974 wani masani, Steven Soter, ya ɗora zargi kan Phoebe, wani baƙin wata da ke can nesa yana zagayensa a baibai. Hujja ta zo a 2009, da madubin hangen nesa na Spitzer ya gano ƙaton zoben ƙura a kan hanyar Phoebe. Ƙurar tana gangarowa ciki, Iapetus yana cin karo da ita kamar gilashin gaban mota a lokacin hunturu.

Da a nan magana ta ƙare, amma hotunan da kumbo mai suna Cassini ya ɗauka a 10 ga Satumba 2007, daga nisan kimanin kilomita 1,640, sun ƙi yarda. Ƙura takan bar dusu-dusu a gefe. A nan babu ruwan toka, baƙi na tsayawa fari ke farawa. Har a farar fuskar akwai baƙaƙen tabo, a gangaren ramukan da ke kallon rana.

Nan ne masana biyu, John Spencer da Tilmann Denk, suka kwance ƙullin, kuma a ganina bayaninsu ya fi gano zoben armashi. Iapetus yana ɗaukar kwana 79 kafin ya juya sau ɗaya, don haka rana tana daɗewa a kansa. Inda ƙura ta ɗan dusashe, wurin yakan fi shan zafi, ƙanƙararsa ta tashi tururi ta sauka inda ya fi sanyi. Baƙi ya ƙara baƙi, fari ya ƙara fari. Ƙurar Phoebe ta tsokano abin ne kawai, zafin rana ya ƙarasa. Shimfiɗar baƙin ma ba ta da kauri: ƙananan duwatsun da suka faɗo kwanan baya sun huda ta, farar ƙanƙara ta fito.