Daga "Hitist" Zuwa "Zaman Kashe Wando": Zagin Da Ke Bin Marar Abin Yi

Duk ɗan kasuwar da ya saba sauke kaya a Tamanrasset, ko ya taɓa cin kasuwar baje-koli ta Assihar, da wuya a ce bai ji kalmar "hitist" ba. Daga "hit" aka samo ta, wato bango a Larabcin Aljeriya, kuma da ita ake jifan saurayin da ya wuni jingine da bango, kamar an ɗauke shi aikin tokare shi kada ya faɗi. Ta yi tashe ne bayan faɗuwar farashin man fetur a 1986, lokacin da aiki ya yi wuya har matasa suka yi boren Oktoban 1988.

Mu ma muna da namu: zaman kashe wando, zauna-gari-banza, ci-ma-zaune. To amma na Jamusawa ya fi ba mu mamaki. A can, idan yaro ya cika fitina da shiga sharo ba shanu, sai 'yan'uwansa matasa su ce masa "hobbylos", ma'ana ba shi da abin da yake sha'awar yi a lokacin hutunsa, kamar ƙwallo ko kiwon tantabara. Wato su a ganinsu ko hutu ma sai da abin yi! A 2009 kuwa kalmar "hartzen", wato zaman jiran tallafin gwamnati, ita aka zaɓa kalmar matasa ta shekara.

Wadda ta fi muni ita ce "asozial", wanda ba ya zaman lafiya da jama'a. Yau yara na faɗinta da wasa, alhali da ita gwamnatin Hitler ta kame mutane fiye da 10,000 a 1938, mabarata da marasa matsuguni, aka tura su sansanonin gwale-gwale da baƙar alama a riga. Sai a 2020 majalisar dokokin Jamus ta amince cewa zaluntarsu aka yi.

A nan ne batun ya shafe mu. Da yawa daga cikin samarinmu da ke zaune a bakin titi a Tamanrasset, 'yan Damagaram da Kance da sauransu, ba zaman banza suke yi ba, jiran mai ɗaukar lebura suke. Tun daga 2014 hukumomin Aljeriya ke kwasar baƙi suna mayarwa Nijar, wasu a sauke su a wurin da ake kira Point Zéro, su taka kilomita 15 a cikin rairayi kafin su isa Assamaka. Wanda ke zaune a fili shi ne mai sauƙin kamu.

Idan mu da muke yare ɗaya da su muka riga kiransu 'yan zaman kashe wando a gaban masu gari, wa zai tsaya musu ranar kame? Kuma dai su ne muke ƙwala wa kira idan motar dabino ta tsaya tana jiran masu lodi.